Kawu Mai Faskare

Kawuna, yayan mahaifiyata, faskare ne sana'arsa. Gida-gida yake bi da gatari a kafaɗa, duk inda aka sauke gungume shi ake aika wa. Ba ya fara sara sai ya zagaya iccen, ya ƙwanƙwasa shi da ƙota, ya ji ko da sauran danshi a ciki. In ya kai sara kuwa, sai ya saki wani "hah!" da ake ji har bakin titi.

Mutane ma da itace yake auna su. Babanmu wai kirare ne, nan da nan ya kama, nan da nan ya mutu. Inna kuma ɗanyen icce, sai ta cika gida da hayaƙi kafin ta ci wuta.

"To kai fa, Yaya?" in ji Inna.

"Ni kututture ne. Sai dai a kewaye ni."

Da murhun gas ya shigo unguwa, kira ya yi ta raguwa. Surukinsa ya samar masa aikin jera falanki a injin yankan katako. Bai daɗe ba ya dawo, dusar katako har cikin gemu. Ya ce ƙarar injin ba ta barin mutum ya ji ko gaisuwa.

Tsufa ya riga ya kama shi lokacin da iska ta kayar da bishiyar gidan kakanmu, wadda shi da Inna suka taso a inuwarta. Babanmu ya ce a kira masu zarton inji. Kawu ya ce ba mai taɓa ta sai shi.

A hankali ya yi aikin, ya sara ya huta. Inna takan kai masa ruwa, ta zauna kan gungumen, hira ta ɓarke. Wata safiya ya nuna mata wani reshe mai zurfin shaidar igiya.

"Kin tuna lilonmu? Nan kika faɗo."

"Kai ka tura ni dai!"

Suka yi dariya har da hawaye.

Da ya gama, ya ɗaure faskaren dami-dami ya raba wa maƙwabta. Masu gas ma suka karɓa da hannu biyu. Bai ƙara ɗaga gatari ba. Amma kullum da hantsi yakan zo, shi da Inna su shimfiɗa tabarma daidai inda inuwar take a da, su zauna har rana ta kore su.