Littafina a wayar Hajiya

'Yan uwa, yau na ji littafina a motar haya, kuma ba da sunana ba.

Na taso daga Minjibir zan shiga Kano, wata Hajiya a gefena ta kunna littafin sauraro a waya. Sai na ji mai karatu ya ce, "Talatu ta ɗaure akuyar a gindin ɗorawar Malam Iro." Ni na rubuta wannan, a gonarmu, lokacin cirar gyaɗa.

Na ce, "Hajiya, don Allah littafin wa ne?"

Ta ce, "Na Anti Ladidi ne, sabo fil."

Anti Ladidin nan ita ce shugabar guruf ɗinmu na marubuta. Ita ta ce in turo mata littafin gaba ɗaya, za ta gyara ta kai wa masu bugawa.

Na ce, "Wallahi nawa ne! Akuyar ma mutuwa za ta yi."

Hajiya ta harare ni. "To kin ɓata min labari."

Nan take na tura wa Anti Ladidi saƙo. Ta karanta. Kafin mu shiga gari ta cire ni daga guruf ɗin.

Hajiya kuwa ta ƙara sauti.