Jarkar da Ta Kumbura

Likita ya hana Baba shan malta, wannan baƙin lemon na kwalba, sai Baba ya hana kansa cin abinci. Haka yake. In ka ƙwace masa abu ɗaya, sai ya miƙo maka sauran, ya ce haɗa ka tafi da su.

Tun ina ƙarama, kullum bayan la'asar zai zauna a ƙofar ɗakinsa a gidanmu na Tudun Wada, ya buɗe kwalba ɗaya, ya sha rabi, sannan ya tambayi abin da aka dafa. Ciwon suga ya zo ya raba su. Inna ta yi tuwon dawa da miyar kuka, ya ce babu gishiri. Ta ƙara gishiri, ya ce so take ta kashe shi. Kafin wata ya zagayo, babbar rigarsa ta Juma'a ta koma kamar an rataye ta a ƙusa. Shi ne ladanin masallacin unguwarmu, kuma kiran sallarsa ya daina kaiwa ƙarshen layi. Wallahi na ji tsoro. Har yau ba na son tuna yadda wuyansa ya koma.

Sai na ce zan yi masa nasa a gida, babu suga. An gaya mini da tsiron hatsi ake yin na kwalba, tsiro kuwa ba baƙonmu ba ne, da shi Inna take zaƙaƙa kunu. Kawu, ƙanen Inna da ke noma a Karakkai, ya aiko da jar dawa. Na jiƙa ta, na baza a kan buhu mai laima, ina yayyafa ruwa safe da yamma har ta fid da farin gemu. Na shanya ta bushe. Na soya ta a kasko babu mai, ina juyawa, har ta yi baƙi ƙirin, gida ya cika da ƙauri, maƙwabciya ta leƙo ta katanga tana tambayar ko lafiya. Aka niƙo, na dafa, na tace. Da yake kowa a Gusau ya san ɗaci maganin suga ne, in ban da likita, na jefa ganyen shuwaka da ɗan ɓawon maɗaci. Da na ɗanɗana sai da na rufe ido ɗaya.

Baba ya karɓi kofin yana dubansa kamar an miƙa masa sammaci.

"Mi kinka sa ciki?"

Na lissafa masa. Ya kurɓa.

"Wannan ba malta ba ne, hukunci ne," in ji shi. Ya shanye tas, ya miƙo kofin, ya tambayi abin da aka dafa. Ranar malmala biyu ya ci. Inna ta shige madafa tana share ido, wai hayaƙi ne, alhali tuni an kashe wuta.

Ganin haka sai na yi abin da duk macen da ke fita ofis da sassafe za ta yi. Na dafa sauran garin gaba ɗaya, na cika jarka, na ƙulle murfi, na tura firij. Bazara ce. Aka ɗauke wuta, aka manta da mu, firij ya koma akwatin ajiye kwanuka. Bayan 'yan kwanaki na tarar da jarka ta yi ciki kamar akuyar da ta faɗa rumbun wake. Na murɗa murfin, ta yi tsaki, kumfa ta biyo hannuna.

Na kira yayata da ke aure a Tsafe. Ta ce in kwatanta mata warin. Na ce kamar kunu ya kwana, amma da wani abu a bayansa. Ta ce wane abu? Na ce da na sani ai da ban ɓata katina ba.

Matsalar ke nan. Kunu mai tsami kowa na sha, fura ma in ta kwana ba a zubarwa. Amma daga tsami zuwa giya akwai iyaka, kuma a gidanmu babu wanda ya taɓa ganin iyakar nan. Ko da akwai, ta yaya zai faɗa? Duk wanda ya ce "wannan giya ce", tambayar da za ta biyo baya a fili take.

Ranar kuwa Kawu ya zo duba Baba. Na jawo shi madafa na miƙa masa jarkar. Ya shinshina, ya sake shinshinawa, ya ɗan daɗe fiye da kima.

"Ni dai ban san warin abin nan ba," ya ce. "Allah ya tsare."

Inna ko kusantar jarkar ba ta yi ba. Ta ce, "Tsami ne kawai. A ba shi." Babu sauran gari, kuma sabon tsiro sai ya ci mako. In Baba ya yi mako guda ba ya cin abinci, ban san me zai rage a cikin rigar ba. Na zuba a kofi, na kai masa, Inna da Kawu na biye da ni.

Baba ya kai kofin hancinsa. Ko leɓensa bai jiƙa ba.

"Zubar da shi. Duka. Ki wanke jarkar da toka."

"Malam, anya?" in ji Kawu. "Tsami ne fa."

"Ba tsami ba ne. Ta nuna." Ya ajiye kofin nesa da tabarmarsa. "Zaman da na yi a kudu da ƙuruciya, ba neman kuɗi kaɗai na yi ba."

Ya faɗe shi ne kamar mai faɗin farashin taki. Kawu ya sami abin kallo a takalminsa. Ni kuwa kunya ta kama ni har kunnuwana suka yi zafi, daga baya kuma tausayi ya zo ya danne kunyar. Da Baba ya yi shiru ya shanye, babu mahalukin da zai sani, mu da kanmu muka kawo masa har da roƙo. Yana jin yunwa, yana son abin. Amma ladanin unguwa ya zaɓi ya faɗi haka a gaban 'yarsa da ƙanen matarsa.

Na tuttular a makwarara. Kajin Inna suka sha, suka kwanta tun kafin magariba.

Makon nan ya yi mana tsawo. Baba ba ya cin fiye da loma uku huɗu, su ma sai Inna ta zauna ta tsare shi. Babu wanda ya sake tayar da maganar kudu. Da sabon tsiro ya fito, na koyi hankali: gari a bushe cikin gwangwani, kofi ɗaya kullum in na dawo aiki. Kullum sai ya shinshina tukuna, ya gyaɗa kai, ya ce ɗacin ya yi yawa, ya shanye. Muryarsa ta dawo, har mutanen ƙarshen layi suka koma ƙorafin ana tashin su da wuri. Damina biyu ya ƙara gani.

Washegarin rasuwarsa hannuna ya dafa kofi ɗaya ban sani ba. Na rufe shi da faranti, masu ta'aziyya suka cika gida, na manta. Sai bayan an watse na ci karo da shi, ya yi kumfa. Na tsaya riƙe da shi a tsakar gida, ina tunanin yanzu babu mai shinshina mana.

Inna tana zaune cikin takaba, can nesa da ni. Ko kai ba ta ɗaga ba.

"Zubar. Ta nuna."

"Inna, ke ma kin sani?"

"A kudun aka kai ni amarya. Wa kike tsammani ke wanke masa riguna?"

"To ran nan da kika ce tsami ne?"

Ta gyara mayafinta. "So nake ya ci abinci," ta ce.