Naman da Ke Ƙarƙashin Tuwo

Tsufa ya kwashe abubuwa da yawa daga kaina, wani lokaci har inda na ajiye tabarau sai jikoki sun tuna min. Amma bazarar da sanƙarau ya ɗauke ɗana na fari, ita kam ba zan manta da ita ba har ranar da za a rufe ni.

Lokacin muna wani ƙauye kusa da Farin Dutse a ƙasar Gwaram, ba a daɗe da gama yaƙin basasa ba. Mu Kirista gidaje kaɗan ne. Majami'armu ta laka ce da rufin ciyawa, ƙararrawarmu kuwa wani tsohon ƙarfen mota ne da aka rataye a jikin tsamiya. Bin Yesu bai raba mu da al'adun iyayenmu ba, musamman kunyar ɗan fari. 'Yan matan yanzu dariya suke yi in na ba su labari, su da suke rungumar 'ya'yansu a tsakiyar kasuwa. A zamaninmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi, in ya faɗi a gaban mutane sai ta kau da kai wata ta ɗaga shi. Ni kuwa a wannan fannin ba wadda ta kamo ƙafata. Tun da aka yaye shi ya koma ɗakin surukata. Ita yake kira Inna, ni kuma Yaya, kamar yadda ƙannena suke kirana. In zan aike shi sai dai in ce, "Kai, zo nan."

Hanya ɗaya ce ta rage min. Ranar kasuwa in maigida ya sayo nama, ni ke rabon tuwo. Sai in zaɓi tsoka mai kyau in binne ta a ƙasan kwanonsa, in ɗora tuwo a kai, in zuba miya kamar ta kowa. Ban taɓa gaya wa kowa ba, shi ma bai taɓa nuna ya lura ba.

Ya kusa shekara goma sa'ad da abin ya zo. Da safe ya ce kansa na ciwo, kafin rana ta take wuyansa ya sandare. Wani dattijo maƙwabcinmu Musulmi ya ɗaura bijimansa a amalanke ba tare da an roƙe shi ba, ya kai mu bakin hanya, daga nan muka samu motar kaya zuwa asibitin Birnin Kudu. A cikin motar kan yaron yana kan cinyar Inna. Ni ina can wajen ƙafafunsa, na rufa gefen zanena a kansu, ina riƙe da tafin ƙafarsa a ɓoye. Zafinsa kamar dutsen murhu.

Asibitin ya cika har ƙarƙashin bishiyoyi, ma'aikata kuma sun yi iyakar ƙoƙarinsu. Dangin mijina suka kewaye shimfiɗarsa, don haka na tsaya a waje jikin taga. Ban taɓa yin addu'a irin ta ranar ba. Na roƙa, na yi alkawari, na ce a ɗauke ni a bar shi. Washegari da hantsi Inna ta fito ta kama hannuna ta ce, "Sai haƙuri." Ko hawaye ban zubar ba, surukai suna tsaye. Tsugunawa na yi na hau tattara kwanukan da muka zo da su.

Bayan an binne shi abu biyu suka riƙa cina. Na farko, yaron nan ya tafi bai taɓa jin sunansa a bakina ba, watakila ma ya mutu yana zaton ba na sonsa. Na biyu kuwa shirun Allah. Na kira shi har muryata ta dushe, bai amsa ba. Na daina zuwa majami'a. In an buga ƙarfen nan ranar Lahadi sai in ɗauki taɓarya in hau daka, don kada in ji waƙarsu.

Mai bishararmu ya zo ya zauna a bakin zaure ya ce, "'Yar'uwa, Ubangiji yana ƙaunarki, ko a cikin wannan."

Na ce, "Malam, in haka ƙaunarsa take, ka roƙe shi ya rage min ita."

Bawan Allah bai yi min wa'azi ba. Ya sunkuyar da kai ya daɗe, ya share idonsa da bakin riga, ya tashi ya tafi. A lokacin na ɗauka na kayar da shi a magana. Yanzu na san ya fi ni sanin inda magana ba ta kaiwa.

Haka na zauna har damina ta faɗi. Wata ranar kasuwa maigida ya shigo da ɗan nama, na yi miya, na jera kwanuka. Ban ankara ba sai ga ni na ɗauko kwanon yaron, na binne tsoka a ƙasa, na ɗora tuwo. Hannuna ne ya yi aikinsa ba da sanina ba. Na tsaya da mara a hannu ina kallon kwanon. Ashe Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta tana ɓarar gyaɗa, idonta a kaina.

Ta ce, "Kina tsammanin bai sani ba?"

Na juyo na kalle ta.

Ta ce, "Duk ranar da ya tono sai ya kawo min kwanon ya ce, 'Inna, kin gani? Yaya tana yi kamar ba ta san ni ba, amma duba.' Ya hana ni gaya miki. Ya ce za ki ji kunya ki daina."

Nan na saki marar. Na zube a tsakar gida, na kira sunansa da ƙarfi, karon farko tun da aka raɗa masa shi. Na yi ta kira, maƙwabta suna ji ta bayan danga, ba wanda ya ce na yi rashin kunya. Inna ta taso ta ɗora kaina a cinyarta, daidai inda nasa ya kwanta a cikin motar nan.

Da kukan ya lafa ta ce, "Ke kin fi kowa sanin uwa tana iya yin shiru alhali hanjinta yana tsinkewa. Shi ma Allah Ɗansa ya kira shi daga kan gicciye, ranar bai amsa ba. Za ki ce ba ya sonsa?"

Ba ranar na koma majami'a ba. Sai da aka kusa girbi. Amma tun daga ranar na fara tuna abubuwan da na tsallake: dattijon nan da bijimansa, mai bisharar da ya yi kuka maimakon ya tsawata min, da tsohuwar da ita ma ta rasa ɗan da ta raina, amma ni take lallashi.

Har yau ban san dalilin da ya sa aka ɗauke shi ba, kuma duk wanda ya ce min ya sani ba na sauraronsa. Ciwon bai warke ba, na dai koyi zama da shi. Abin da na koya daga bakin yaron da ban taɓa rungumarsa a gaban mutane ba shi ne, shiru ba ƙiyayya ba ne. Shi bai taɓa jin na kira sunansa ba, amma bai yanke ƙauna daga gare ni ba. Duk kwanon da na miƙa masa sai ya tona har ƙasa. Ni ma haka nake yi yanzu da duk kwanon da Ubangiji ya miƙo min.