Zanzaro a Salansar Baba

Kakarmu ba ta taɓa kiran sunan Babanmu ba, kuma ban taɓa jin ta yi masa magana kai tsaye ba. Shi ne ɗanta na fari, ita kuwa irin mutanen da ce, masu kunyar ɗan fari har ƙarshen rayuwa. In ya durƙusa ya gaishe ta da safe, bango take kallo ta amsa. In ambatonsa ya zama dole, sai ta ce "wancan". Haka muka tashi muka tarar a ƙauyenmu na ƙasar Jahun, ba mu ɗauke shi wani abu ba.

Mu jikoki kuwa ba ta rage mana komai. Da an idar da magariba, Umma ta kwashe tuwo, sai mu kewaye murhu, Kaka ta sa a tura mata masara cikin garwashi, ta fara tatsuniya. Ba ta maimaita labari yadda yake. In ka yi fitsarin kwance ranar Talata, to ka tabbata a tatsuniyar Laraba akwai wani ɗan kurege mai irin halinka, kuma kowa zai gane ka.

Daminar da nake aji huɗu na firamare, cutar yana ta rufe idanun Kaka har ba ta bambanta ni da ƙanwata sai mun yi magana. Aka sa mata ranar Alhamis a asibitin Jahun, ranar da likitocin ido za su zo aiki, in sun tafi kuwa sai wata shekara. Ruwa ya cinye hanyarmu, mota ba ta shigowa. Abin hawa ɗaya ne a ƙauyen, ɗan ƙaramin babur ɗin Baba, wanda ya yi mako uku a jingine ƙarƙashin rumfa saboda hidimar noma.

Ranar Litinin Baba ya goge shi, ya zuba mai, ya buga. Babur ya yi tari sau biyu ya mutu. Ya sake bugawa har gumi ya jiƙa masa riga, bai canja ba.

Sai na faɗi gaskiya a kan mahaifina, Allah ya ƙara masa lafiya. Yana saurayi ya taɓa zaman wata uku a garejin wani abokinsa a Dutse, yawanci yana shan shayi, amma tun daga nan yake ganin babu bakanike a Jigawa da zai nuna masa komai. Ya shimfiɗa tabarma, ya cire fulogi ya kankare, ya wanke kafireto da fetur yana hurawa da baki, ya juye baƙin mai ya sa sabo. Ya tsinke sarƙa ya jiƙa ta, ko da yake ni ma a shekaruna na san sarƙa ba ta hana inji tashi. Kafin la'asar ɗin Talata babur ya koma tarkace, kaji na yawo a tsakani, noti-noti cike da kwanon shan furar Umma. Maƙwabta suka riƙa leƙowa da shawarwari. Wani ya ce a kai shi Jahun a amalanke, Baba ya kalle shi kamar ya zage shi.

Duk wannan Kaka tana zaune a inda take wuni kullum, bakin rumfar nan, tana jan carbi. Ko aike ba ta yi wa Baba ba, don a ganinta ta nuna ta ƙagu da zancen idonta a gaban wancan, zubar da girma ne. Amma na ga ba ta cin tuwonta sosai, kuma tsoro ya kama ni.

Da magaribar Talata muka taru. Baba yana can gefe da tocila a baki, yana ƙoƙarin tuna inda wani ƙarfe ya fito. Kaka ta gyara zama, ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

"Ku matso, ga wata tafe."

Muka ce ta iso lafiya.

Wai wata zanzaro ce, mai 'ya'ya da yawa, take neman gida. Ta je jikin rumbu, tsaka ta kore ta. Ta je kan tulu, matar gida ta kai mata tsintsiya. Tana cikin yawo ta ga wani dogon ɗaki na ƙarfe, ƙofarsa ƙarama, cikinsa baƙi ƙirin, babu kowa. Ta yi sallama shiru, sai ta ce to Allah ya kashe ya ba ta. Kwana ashirin tana jido laka daga bakin rijiya, tana ta waƙa, har ta yi ɗakuna bakwai ta liƙe ƙofa tsaf. Ashe ɗakin nan hancin wani jakin ƙarfe ne, ta nan yake fitar da numfashi, hancinsa kuwa a baya yake.

Ƙanwata ta ce ai babu jaki mai hanci a baya. Kaka ta ce ta ci masararta, akwai shi a gidan wasu.

Mai jaki ya zo zai hau, jaki ya yi tari ya kwanta. Mutumin nan kuwa masani ne, a faɗarsa. Ya cire wa jaki haƙora ya wanke, ya fito da hanji ya shanya, ya kwance ƙafafu ya jiƙa a mai. Zanzaro tana leƙe ta taga tana ce wa 'ya'yanta, ku kwanta abinku, wannan mai ilimi ne, sai ya gama da ko'ina kafin ya duba inda ido ke gani.

Muka kwashe da dariya, Umma ta shige ɗaki da sauri tana toshe baki. Ni dai na lura hasken tocila ya daina motsi.

Na tambayi Kaka yadda aka ƙare. Ta ce, "Oho, ni makauniya ina na sani? Kunne kawai gare ni. Na dai ji tana shiga tana fita, mako uku. A nan tawa ta tsaya."

Baba ya yi gyaran murya, ya ce, kamar da iska yake magana, bari ya duba akuya. Maimakon turke sai muka ji shi a bayan babur, yana soka guntun waya cikin salansa, bututun da hayaƙi ke fita. Muka ji busasshiyar laka tana zuba a ƙasa. Ya daɗe a tsugune a wurin. Can ya miƙe ya sanar da tsakar gida cewa dama tun jiya yake zargin salansa, yana bin abin ne daki-daki.

Wunin Laraba cur ya yi yana mayar da abin da ya kwance. Bugu ɗaya babur ya tashi, ya feso sauran laka a zanin Umma da ke shanya. Ƙarafa huɗu suka rage a kwano, Baba ya ce dama kamfani ne ya sa su don ado. Alhamis da sassafe suka kama hanya, Kaka a baya ta ƙanƙame ƙarfen ɗora kaya da hannu biyu, don ko za ta faɗi ba za ta riƙe shi ba.

Yau ina koyarwa a Dutse, ina zaune a unguwar Takur, ina da tawa 'yar roba-roba, ƙaramin babur irin na mata. In ta ƙi tashi, mai nake fara dubawa, sai fulogi, sai na leƙa salansa, bakanikena yana yi mini dariya. Shekaru da yawa na ɗauka darasin ke nan, a fara da ƙaramin abu kafin a kwance babba. Sai da na haifi nawa na gane wahalar da Kaka ta sha. Idonta ne ke cikin haɗari, ta san amsar tun ranar Litinin, amma ta yi kwana biyu tana neman hanyar da za ta faɗa wa Baba ba tare da ta karya kunyarta ba, ba kuma tare da ta kunyata shi gaban maƙwabta ba.

Ranar da aka kwance mata bandeji a gida, ni ce kusa da ita. Baba yana tsakar gida ya ba mu baya, yana ɗaure sarƙa. Ta zuba masa ido, ta daɗe tana kallonsa, irin kallon da ban taɓa ganin ta yi wa kowa ba. Da ya juyo, ta yi maza ta mayar da fuska bango. Sai ta jawo ni, ta ce a hankali, "Ashe wancan har ya yi furfura. Je ki ce ya shigo inuwa."