Motar da Ta Cika

Maƙwabcina da ake kira Mujiya ya shekara ashirin da biyu yana gadin filin da ake jibge matattun motoci. Na koyar da shi a aji huɗu. Lissafi ya gagare shi, amma ban taɓa ganin ɗalibi mai lura kamarsa ba.

Da ɓarayin batir suka addabi filin, mai wurin ya sayo na'urori biyu na gani a duhu. Ta farko tana tattara ɗan hasken da ya rage, ko da na taurari ne, ta nuna komai kore shar. Ta biyu babu ruwanta da haske; ɗumin jiki take gani, mai rai ya fito fari fat, ƙarfe mai sanyi ya zama baƙi. Mujiya ya raina ta farko.

"Malam," ya ce mini, "mai koren nan, kowane tsumma mutum ne a wurinta. Mai ɗumin kuwa, ko ɓera ya yi tari sai ta tona shi."

Mahaifinsa tsohon direban bas ne wanda tsufa ya taɓa wa tunani. Wata rana bayan isha'i, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, tsohon ya fice daga gida da 'yar shara kaɗai a jikinsa. Aka tsinci takalminsa ɗaya a ƙofar filin. Kowa ya san cewa idan ya kwana a jiƙe cikin wannan sanyi, da wuya ya ga safiya.

Sau uku Mujiya ya zagaye layukan motocin da mai ɗumin. Ya ga kyanwa, ya ga ɓeraye, mutum kuwa babu. Sai abokin gadinsa, Dogo, wanda aka bar wa mai koren, ya tsaya cak a gaban wata tsohuwar bas marar tayoyi.

"Kai, Mujiya," ya ce, "akwai fuska a can."

Mujiya ya ɗaga tasa na'urar, mai ɗumin. Gilashin gaban motar baƙi wuluk, sai wata farar inuwa da ta ɗaga hannu daidai lokacin da ya ɗaga nasa.

"Taka ba ta gan shi ba?" in ji Dogo. "To wanda ba shi da ɗumi, ai ko dai gawa ne ko ba mutum ba. Ni ina da 'ya'ya, sai da safe!"

Mujiya ya fizge mai koren kafin Dogo ya arce. Ga fuska nan kuwa, idanu biyu suna ƙyalli, ba sa ƙiftawa. A nan ya gane kuskurensa: ɗumi ba ya ratsa gilashi, haske ne ke ratsawa. Farar inuwar tasa ce, gilashin ya dawo masa da ita. Sau uku ke nan yana wuce mahaifinsa.

Ya ɓalle ƙofar. Tsohon yana kan kujerar direba, hannuwansa a kan sitiyari, jikinsa kamar ƙanƙara, amma yana numfashi.

"Baba, ni ne. Taso mu tafi gida."

"Rufe ƙofa, yaro," in ji tsohon a hankali, yana duban madubin sama. "Mota ta cika. Ni kaɗai suke jira."

Mujiya ya lulluɓe shi da rigarsa, ya goya shi har gida, inda aka gasa masa jiki. Tsohon ya ƙara shekara biyu a duniya.

Na tambayi Mujiya ko ya duba kujerun baya a daren. Ya ce na'urorin biyu suna rataye a wuyansa, amma bai ɗaga ko ɗaya ba.