Gaisuwa a Ƙasa, Magana a Tsaye

Litinin, daga Katsina zuwa Kano

Ƙarfe biyar da rabi na asuba Malam, maigidana, ya ɗaura akwatina a bayan keke ya raka ni tasha. Shekarata shida ina koyar da lissafi a kwalejin horar da malamai mata. Baturiyar da ke riƙe da muƙamin mataimakiyar shugaba za ta koma ƙasarsu, shi ne aka tura ni kwas na kwana huɗu a Kano. In rahotona ya yi kyau, kujerar tawa ce, in bai yi ba a sake aiko wata daga Ingila. 'Yar ƙasa ba ta taɓa zama a kanta ba.

A 'yan littattafan labarai da nake saya, idan za a rabu, miji kan faɗi maganar da mace za ta riƙe har abada. Na tsaya ina jira. Malam ya gyara hula ya ce, "Ki kula da takardar rahoton da za su ba ki, kada ruwa ya taɓa ta." Na riƙe wannan ɗin, tunda ita na samu.

Direban lori ya karɓi sule shida, ya ce, "Malama, gaba za ki zauna. Masu boko ba sa hawa buhu." Mun tashi ƙarfe shida da kwata. A Kankiya muka tarar an rufe shinge saboda ruwan da aka kwana ana yi. Mai tsaron shingen ya ce babu motar da za ta wuce sai hanya ta sha iska. Awa uku muna zaune. Na sha fura ta kwabo biyu, na yi ta kallon gero ya yi kore shar har iyakar ganin ido. Azahar a Bichi muka yi ta.

Mil ɗari da 'yan kai, sai ga Kano bayan la'asar. Na sha jin labarin dalar gyada, amma da na gan su jere a bakin hanyar jirgi, kowace ta fi masallacin unguwarmu tsawo, na saki baki. Ina cikin kallo jirgin sama ya ratsa ta kanmu, ƙasa-ƙasa, har ina ganin tagoginsa. Direba ya ce, "Rufe baki, Malama, kada ƙuda ya shiga. Wannan kullum ne."

Masaukina a Fagge yake, gidan Alhaja Sikira, Bayarabiya mai sayar da atamfa, wadda ta saba da mahaifiyata tun a hanyar Makka. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Wannan siririyar ce za ta shugabanci mutane? Zauna ki ci tukuna." Ta ajiye mini amala, tuwon garin doya, da miya mai barkono, na ci ina hawaye ina godiya. A ɗakin akwai fitilar lantarki. Sau uku na kunna na kashe.

Talata, Sabon Gari

Daga gidan Alhaja zuwa zauren makarantar da ake kwas ɗin tafiyar minti ashirin ce a ƙasa. Titunan Sabon Gari miƙaƙƙu ne kamar an ja su da rula, ga ƙarar kekunan ɗinki ta kowace ƙofa, ga ƙararrawar coci. Mu goma sha ɗaya ne, daga garuruwa daban-daban.

Ƙarfe takwas daidai mai koyar da mu ta iso, Misis Okoro, 'yar kabilar Ibo, wadda ta yi karatu har Ingila. Ita ta tuƙo motarta da kanta. Ta fito da tabarau da jaka a hannu, takalminta na ƙwas-ƙwas. Wallahi ban taɓa karanta mace irinta a littafi ba, kuma ga ta a gabana tana Hausa tiryan-tiryan, don a nan Sabon Gari aka haife ta.

Ta ce kowace ta fito ta bayyana yadda ake tafiyar da makarantarsu. Da aka zo kaina na yi abin da aka koya mini tun ina goye: na je gabanta na durƙusa, na sunkuyar da kai, na fara bayani. Na yi minti biyar ina yi.

"Malama Rakiya," in ji ta, "wa kike wa magana?"

"Ke, ranki ya daɗe."

"Ni na ji rabi. Siminti ya ji sauran. Na baya ba su ji komai ba."

Aka yi dariya, ba ta mugunta ba. Ta ce ranar Juma'a kowace za ta shugabanci taron malamai a gaban baƙi, kuma daga nan za ta rubuta rahoto. Na koma Fagge. Ko ɗan littafin labarin da na saya a hanya ban buɗe ba.

Laraba da Alhamis

Mun koyi tsara jadawalin darussa, da rubuta wasiƙa zuwa ofishin ilimi, da yadda ake gyara wa malami kuskure ba a gaban ɗalibai ba. Duk wanda na rubutu ne na fi kowa. Da an ce magana sai gwiwata ta nemi ƙasa.

Yammacin Alhamis Alhaja ta ce in raka ta kasuwar Sabon Gari. Ashe ita ce shugabar mata masu atamfa, kuma wani dattijo cikin manyan kasuwa yana so ya tashi matan daga layinsu ya mai da su bayan masu kifi. Da muka isa rumfarsa Alhaja ta zube, gwiwa biyu a ƙasa, ta gaishe shi, ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Sai da ya ce "madalla" sau uku. Sannan ta dafa ƙasa ta miƙe, ta gyara ɗaurin kallabinta mai kama da jirgin ruwa, ta ce, "Baba, atamfa ba ta kwana kusa da kifi. Ba za mu tashi ba." Ta kawo dalilanta, duk layin na ji. Dattijon ya shafa gemu ya ce a bar maganar.

A hanya na ce, "Alhaja, ba ki ji nauyinsa ba?"

"Na ji mana. Ai na ba shi haƙƙinsa a ƙasa. Na matan da suka aiko ni kuwa ba a biyansa a durƙushe."

Juma'a

Ƙarfe tara baƙi suka shigo, maza uku da za su zauna a matsayin malaman da zan shugabanta. Na ɗaga ido na dube su. Na tsakiyarsu Malam Ɗanjuma ne, aminin mahaifina, wanda ya fara kama hannuna ya koya mini rubuta baƙi da wasali, yanzu yana aikin duba makarantu a Kano. Shi aka sa ya kawo shawarar a rage wa ɗalibai lissafi a ƙara musu ɗinki.

Na taka na je gabansa na durƙusa. Na hango Misis Okoro ta ɗauki alƙalami.

"Baba, ina kwana. Yaya mutanen gida?"

"Lafiya lau, Rakiya. Ke ce kika girma haka?"

"Baba, a yi mini izini, zan miƙe."

Na miƙe. Na zagaya na tsaya a kan tebur, na buɗe taro. Da ya gama kawo shawararsa na ce, "Mun ji, Malam, mun gode. Amma malamar da ba ta iya lissafi ba, ko awon rigar ba za ta koya wa yara daidai ba. Lissafi yana nan yadda yake. Ɗinki za mu ƙara shi ranar Asabar." Muryata har bango ta kai, ni kaina na ji ta kamar ta wata.

Malam Ɗanjuma ya juya ga na kusa da shi ya ce, "Ka ga 'yar da na koya wa ƙirga da tsakuwa, yau ta ka da ni."

Bayan an tashi Misis Okoro ta miƙo mini ambulan a manne. Ta ce, "Da kika durƙusa na fara rubuta abu. Na soke shi." Ta rage mini hanya a motarta har Fagge, na zauna a gaba ina kallon hannunta a kan sitiyari.

Asabar, komawa gida

Alhaja ta ba ni turmin atamfa, ta ce in ɗinka na ranar hawa kujera. Mun bar Kano ƙarfe bakwai, shinge a buɗe, muka shiga Katsina ƙarfe biyu. Malam na tasha da kekensa.

"Takardar ba ta jiƙe ba?"

"Ba ta jiƙe ba."

Ranar Litinin shugabar kwaleji ta buɗe ambulan a gabana, ta karanta, ta miƙo mini makullin ofis. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Misis Okoro da Malam Ɗanjuma, da Alhaja Sikira wadda har yau ba ta san ta koyar a kwas ɗin ba. Da yamma na kai wa Malam maigidana labari, na durƙusa na gaishe shi yadda na saba. Ya dube ni ya yi murmushi ya ce, "To, tashi ki faɗa mini a tsaye."