Littafin da muka yi wa likkafani

Shekarun baya, lokacin ɗiyata na koleji nan Dakoro, aka saka ni cikin kwamitin iyayen yara. Ba don ilimi ba. Aji huɗu na yi a lakkwal, makarantar boko, kuma ranar da na bari, mushe, malamin ajinmu, da kansa ya yi hamdala. Sai dai a kwamitin ni kaɗai ke iya bin faransanci da yatsa, don haka na zama shehi.

Wata rana aka kawo ƙara. Cikin littattafan da aka ba makarantar kyauta akwai wani na zane-zane, mai ba da labarin kisan kiyashin da aka yi wa Yahudawa a Turai lokacin yaƙin duniya na biyu. Abokina, dillali a kasuwar dabbobi, shi ma ɗan kwamiti, shi ya buɗe shi ya faɗa kan shafin da aka zana gawarwaki tsirara, an tula su kamar itace. Ya rantse sai an ƙone littafin. Madam mai koyar da tarihi kuwa ta ce idan aka ƙone, ba ta da abin nuna wa yara sai rubutun allo, su kwafa yau su manta gobe.

Aka ce in tafi da littafin in yi bincike. Kwana uku ina fama, na kai shafi na tara. Sai na kai shi rumfar abokina, muka bar rubutu muka bi hotuna. Da ya ga mutane cunkushe cikin taragon shanu, ya ga an buga musu lamba a hannu, sai ya ajiye kofin shayinsa.

"Malam, ko raguna nake lodawa a kamiyo, motar kaya, ina bar musu wurin numfashi."

Maganar wuta ta mutu daga nan, amma ta tsiraici tana nan. Ya ce mamaci, ko na wane addini ne, ba a barin shi a buɗe. Ni kuma, da yake shehi ne, na zaro bik, wato biro, na zana wa mutum biyu wando. Har da mazagi.

Da na mayar da littafin, madam ta daɗe tana kallon aikina. Sannan ta ce, "Baba, waɗanda suka kashe su ne suka tuɓe su. In ka sa musu wando, ka wanke mai laifi." Na nemi inda zan ɓoye bik ɗin na rasa.

Abokina ne ya raba gardamar. Ya kawo alawayyo, farin ƙyallen da muke yin likkafani da shi, matata ta yanka ƙanana daidai kowane hoto, muka liƙe su ta sama kawai. Mai son gani ya ɗaga, in ya gama ya mayar. Madam ta yarda, kwamiti ya yarda, littafi ya koma kan kantar littattafan makaranta.

Na sha jin cewa a manyan ƙasashe har yanzu ana rigima kan irin waɗannan littattafai, wasu na cewa a cire, wasu a bari. Ban isa in yi musu hukunci ba. Abin da na gane kawai shi ne, abokina da madam duk mutuncin mamatan nan suke karewa, kowa ta inda ya iya.

Bara na leƙa makarantar. Na tarar da wata ɗaliba ta ɗaga ƙyallen, ta daɗe tana kallo, sannan ta mayar ta shafe shi da tafin hannu har ya kwanta sosai. Na tambayi madam ko ita ta koya musu haka. Ta ce a'a.